Yadda ake shirya barkwancin da ba ya tsufa

Kafin a kunna kyamara, ɗauki rubutun ka ja layi a duk inda dariyar ta jingina da abin da ake yayi: sunan ɗan siyasa, waƙar da ta cika gari, sarar 'yan TikTok, samfurin waya. Sai ka cire su, ka sake karanta fitowar. In har yanzu tana sa dariya, bar ta. In ta mutu, sake rubutawa, domin ranar da yayin ya wuce ita ma ta bi shi, kuma yaron da zai kalla nan gaba sai an yi masa bayani kafin ya gane.

Abin da ke daɗewa shi ne hali. Marowaci, mai cika baki, matsoracin da ke nuna jarumta, mai bashin da ya hango mai kuɗi ya sha kwana. Shi ya sa har yau ake tuna Samanja da hargaginsa na soja, ake kuma dariyar marigayi Ibro tun bai buɗe baki ba, daga tafiyarsa da yadda yake zare ido. Mr. Bean kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995, kusan babu magana a ciki, amma yaro a Kano ko Maraɗi yana kallo yana ƙyalƙyala dariya. Don haka ka ba ɗan wasa abin yi da hannu da fuska. Kashe sautin fitowa ɗaya ka gwada: in ba a gane wa ke son me ba, magana ta yi yawa.

Guji yi wa nakasasshe ko wata ƙabila ba'a. Irin wannan ne ke fara komawa abin kunya.

Sai ɓangaren na'ura, wanda aka fi yi wa sakaci. I Love Lucy, shirin barkwanci na talabijin a Amurka da aka fara a 1951, a kan fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke shi, shi ya sa hotonsa ke nan tas. Finafinanmu na farko kuwa, na zamanin kaset, da yawa hotonsu ya dusashe, sautin yana shuu, domin kaset na lalacewa kuma kowane kwafi ya fi na baya rauni. Ɗauki murya da makirufo na daban kusa da bakin ɗan wasa, kada ka dogara da na jikin kyamara. Kada ka ɗora dariyar da aka naɗa a kan kowace magana. Ajiye ainihin ɗaukar a wuri biyu daban-daban, ba kwafin da aka matse don YouTube ba.