Kurakuran da muke yi wajen koya wa yara magana a aji

Duk wanda ya bi ta bayan makarantar firamare a ƙauyukanmu na Kano ko Jigawa da hantsi ya san wannan ƙara: malam ya faɗa, aji ya amsa, har kwanon rufi yana ɗauka. Mai wucewa zai ce ma sha Allah, karatu ya kankama. Amma a shiga ciki a ɗaga yaro ɗaya, a ce ya faɗi abin da ya gani a hanyarsa ta zuwa makaranta. Sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa.

Babban kuskurenmu ke nan, mun ɗauki amshi a matsayin magana. Amshi yana da ranarsa, da shi ake hadda, da shi ake kama furucin sabuwar kalma. Sai dai mai amshi maganar malam yake mayarwa, bai ƙulla tasa ba. Malam zai ce yara sun yi yawa, kuma gaskiyarsa. Idan darasi minti 35 ne, yara 70, kowa rabin minti zai samu in za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka a haɗa su biyu-biyu a inda suke zaune, ko a benci ko a ƙasa. Kowa ya juya ya fuskanci na kusa da shi, a ba su tambaya ɗaya: yaya ake yin ƙosai? Me kuka shuka bana? Ɗaya ya yi minti biyu, malam ya tafa, ɗayan ya karɓa. Daga nan a ɗaga mutum uku ko huɗu, kowa ya faɗi abin da abokinsa ya ce, don a tabbatar sun saurari juna. Aji zai yi hayaniya, babu shakka. A sanar da hedimasta tun da wuri cewa hayaniyar aiki ce.

Sai gyaran kuskure a tsakiyar magana. Yarinya ta daure ta miƙe, muryarta na rawa, ta faɗi kalma uku, malam ya katse ta. Aji ya kwashe da dariya. Wannan yarinyar da wuya ta sake ɗaga hannu a zangon. Yaranmu sukan haɗa sautin "p" da "f" a Turanci saboda Hausa ba ta raba su, ba don dakikanci ba. A bari mai magana ya kai aya, malam ya riƙe kurakurai biyu ko uku a ransa, a ƙarshe ya rubuta su a allo ba tare da kiran suna ba, aji ya gyara tare. Bulala kuwa a ajiye ta. Ba a koyon magana cikin tsoro, kuma dariyar 'yan aji ita ce ta cancanci tsawa.

Akwai makarantun da har yanzu ake rubuta sunan wanda ya yi Hausa a aji. Abin yana damuna ƙwarai. Tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, don da shi yake tunani. Wanda bai iya jera labari da Hausa ba, farko da tsakiya da ƙarshe, ba zai jera shi da Turanci ba. Muna da kayan aikin a gida: a ce "Ga ta nan, ga ta nanku", aji ya ce "Ta zo mu ji ta", ɗaya ya fara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a tsayar da shi a tsakiya, wani ya ɗora. Ga kacici-kacici, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, wanda ya ce tsintsiya ya bayyana dalili. A darasin Turanci ma a bar su su fara tattauna batun da Hausa, sannan su fitar da jimla biyu da Turanci. 'Ya'yan Fulani da ke zuwa daga ruga da Fulatanci a baki, su ma a ba su dama su koya wa aji gaisuwa.

Muhawara ita ma mun lalata ta. Malam ne ke rubutawa, haziƙai biyu su haddace, su karanto ranar taro. A sauya da wasan ciniki. A mayar da gaban aji kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ko ta Wudil ta ranar Juma'a: ga mai akuya, ga mai saye, ga dillali. Ɗaya ya sa suna, ɗaya ya taya, a ce albarka, a ja, a sallama. Yaron da ba ya buɗe baki a aji, a nan za a ji shi yana kawo hujja, don abin da ya saba gani ne.

Kada kuma a ɗauki kunya a matsayin rashin sani. An tarbiyyantar da yaranmu, musamman mata, kada su haɗa ido da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Tilasta wa irin wannan yarinya fitowa gaban allo tun ranar farko ba ya haifar da komai sai kuka. Ta fara da ƙawarta, sannan rukunin mutum huɗu, sannan ta yi magana daga inda take zaune. Malam ya riƙa ɗiga alama a gefen sunan duk wanda ya yi magana a rajista. Ranar Juma'a ya duba waɗanda babu ɗigo a sunansu, da su za a fara ranar Litinin.