Yadda Malamin Firamare Zai Yi Amfani da Wasa a Makon Farko na Buɗe Makaranta

Yaron da ya shiga sabon aji a ranar farko yakan zo da tambayoyin da ba zai iya furtawa ba: da wa zai zauna, ina ne ban ɗaki, kuma ko sabon malaminsa mafaɗaci ne. Muddin waɗannan abubuwa suna damun ransa, abin da aka rubuta a allo ba zai zauna a kansa ba. Shi ma malami yana da nasa aikin, domin yana bukatar ya haddace sunayen yara, ya gane wanda ya iya riƙe fensir da wanda bai iya ba, sannan ya kafa tsarin da ajin zai bi har ƙarshen shekara. Wasa yana biyan bukatun ɓangarorin biyu a lokaci guda, idan an zaɓe shi da manufa. Kuma hakki ne na yaro, kamar yadda sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya tanada.

Kafin komai, a fara da koyar da alamar yin shiru, domin duk wasan da za a yi daga baya ya dogara ne a kanta. Malami ya tafa hannu sau uku da wani salo, yara su maimaita salon daidai, sannan su ɗora hannuwansu a kan tebur su dube shi. A mayar da wannan abin nishaɗi: a ce su yi ta surutu da gangan, sai a tafa, a ga ko daƙiƙa nawa za su ɗauka kafin ajin ya yi tsit. Idan aka rubuta adadin a gefen allo, aka ce gobe za a yi ƙoƙarin rage shi, yara za su riƙa tunatar da juna da kansu, malami kuma ya huta da ɗaga murya.

Daga nan sai wasan sunaye, wanda ya cancanci a ba shi lokaci fiye da sauran. A tsayar da yara a da'ira, a dunƙule tsohuwar takarda a naɗe ta da zare ta zama ƙwallo mara nauyi wadda ba za ta ji wa kowa ciwo ba. A zagaye na farko, wanda ƙwallon ke hannunsa ya faɗi sunansa da ƙarfi, duk ajin su amsa masa da sunan, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. A zagaye na biyu ne ake jifa, kuma sharaɗin shi ne a kira sunan wanda za a jefa wa tukuna. Wanda ya manta suna ba a fitar da shi daga da'irar, sai dai ya tambaya a gaya masa. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci ƙwarai, saboda wasannin da ake cire wanda ya yi kuskure sukan fara korar yaron da ya fi kowa jin kunya, alhali shi ne ya fi bukatar zama a ciki. Idan ajin yana da yawa, a raba shi da'ira biyu ko uku, kowace da ƙwallonta, domin yaro mai shekara shida ba zai jure jiran mutum arba'in kafin a zo kansa ba. Malami ya saurari yadda kowane yaro yake furta sunansa, ya kira shi haka, ko da ya bambanta da yadda aka rubuta a rajista.

Aikin zama da ya dace ya biyo baya shi ne katin suna. A ba kowa kwali ko takarda mai kauri, a ninka ta biyu yadda za ta tsaya a kan tebur, ya rubuta sunansa ya zana abu ɗaya da yake so. Yara suna ganin zane kawai suke yi, amma malamin da ke zagayawa a tsakaninsu yana ganin abubuwa da yawa: wannan ta damƙe fensir da duk yatsunta biyar, wancan yana juya harafi baya-baya, wani ya kai fuskarsa dab da takarda har hancinsa na neman taɓa ta, wanda hakan kan nuna cewa ya kamata a duba idonsa. A rubuta irin waɗannan a ɗan littafi ba tare da an yi wa yaron magana a gaban 'yan'uwansa ba.

Bayan zaman kusan minti 15 ko 20, ƙananan yara sukan fara motsi a kan benci, kuma gara a ba su hanyar tashi da a yi ta tsawata musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara masu shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana, kuma wani ɓangare na wannan yana iya samuwa a cikin aji. A ce su jeru daga gajere zuwa dogo ba tare da kowa ya yi magana ba, sai nuni da hannu kawai. Manyan azuzuwa su jeru bisa watan haihuwa ko harafin farko na sunansu. A nan ne ake gane mai son jagoranci da wanda yake rakuɓewa a gefe. Haka kuma, zagayen makaranta yana iya zama wasan nema: a ba kowane rukuni na yara huɗu jerin wurare, kamar ofishin shugaban makaranta, wurin shan ruwa, ban ɗaki da ƙofar fita, su nemo su tare da rakiyar babba, su dawo su kwatanta hanyar.

Game da gabatar da kai, kuskure ne a tsayar da yaro shi kaɗai a gaban aji a ranar farko. Hanyar da Frank Lyman na Jami'ar Maryland ya gabatar a 1981 ta fi dacewa: a yi tambaya, kowa ya yi tunani shi kaɗai na ɗan lokaci, ya gaya wa abokin zamansa, sannan a faɗa wa aji. Ana iya ƙara mata armashi ta hanyar sa kowane yaro ya gabatar da abokinsa maimakon kansa, domin hakan yana tilasta masa sauraro. Malami kuma ya koyi jira. Binciken Mary Budd Rowe, a farkon shekarun 1970, ya nuna cewa malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi sukan ƙara tsawo, yaran da ke amsawa ma su ƙaru. A guji tambayar inda yaro ya je lokacin hutu ko abin da aka saya masa, domin ba kowane gida ne yake da abin faɗa ba.

Dokokin aji a bar su zuwa rana ta biyu ko ta uku, bayan yara sun ɗan saba. A tambaye su abin da yake sa aji ya yi daɗin zama, a tace amsoshinsu zuwa dokoki huɗu ko biyar, a rubuta su da abin da ake so a yi, kamar "muna ɗaga hannu kafin magana". Kowa ya zana tafin hannunsa a gefen takardar ya sa sunansa a ciki, a manna ta inda idon kowa zai kai.

A ranar ƙarshe ta makon, kowane yaro ya rubuta sunansa da iyakar lambobin da ya iya, ya zana kansa, a auna tsayinsa da zare a yanke daidai. A zuba duka a ambulan, a rubuta kwanan wata, a rufe, malami ya adana su a kabad har zangon ƙarshe, lokacin da za a buɗe su tare da sabon rubutun yaron a gefe domin shi da iyayensa su kwatanta.