Yadda ake shirya bitar ƙera shafin intanet har kowa ya tashi da nasa a hannu

Ni dai abu ɗaya nake auna bitar koyon ƙera shafin intanet da shi: kafin a watse, kowane mahalarci ya ciro wayarsa, ya rubuta adireshi, ya ga shafin da ya haɗa da hannunsa ya buɗe. In hakan ya samu, an yi aiki. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke yi wa hidima.

Mataki na farko, rage buri. Masu shirya bita suna son cika takardar gayyata da alkawura: HTML na tsarin shafi, CSS na kwalliyarsa, JavaScript na sa shi motsi, shagon intanet, duk a wuni ɗaya. Ɗan koyo ba ya iya ɗaukar wannan lodin. Shafi guda ya isa, mai kanu, da sakin layi biyu, da hoto, da mahaɗi zuwa wani shafin. Tun kafin ranar, ka tambayi masu zuwa ko sun iya buɗe folda su adana fayil a ciki su sake gano shi. Kada ka raina wannan tambayar, a nan mutane da yawa suke maƙalewa kuma kunya ta hana su faɗa.

Na biyu, gama da kayan aiki tun jajibiri. A sa manhajar rubutu kamar Visual Studio Code a kowace kwamfuta, ko da yake Notepad ma yana yi. Kowa ya buɗe asusun GitHub, dandalin da za a ɗora shafin a kansa, daga gida, domin jiran saƙon tabbatarwa a imel yana iya cinye rabin safiya. Ka zuba hotuna da fayilolin gwaji a filas, tunda HTML da CSS ba sa bukatar intanet sai lokacin ɗora shafi. In mahalarta sun haura goma, nemi mataimaki mai zagayawa tsakanin kujeru. Ka kuma ƙara girman rubutun da majigi ke haskawa, saboda na baya.

Na uku, fara da HTML tsurarsa. Ina son buɗe darasi da nuna musu shafin farko a duniya, wanda har yanzu ana iya ganinsa a info.cern.ch. Tim Berners-Lee ne ya gabatar da shawarar yanar gizo a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, kuma shafin nan rubutu ne kawai da mahaɗai, ba hoto ba launi. Da ɗalibi ya gan shi sai tsoro ya ragu, don ya san abin bai fi ƙarfinsa ba. Daga nan ka ba su alamomi huɗu: h1 na babban kanu, p na sakin layi, a na mahaɗi, img na hoto. Ka nuna musu cewa yawancin alamomi tagwaye ne, wadda aka buɗe sai an rufe ta, amma img ita kaɗai take tafiya.

Akwai tarko biyu a wannan matakin da ya kamata ka tare tun da wuri. Na ɗaya, Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai mutum ya ɗauka ya adana index.html alhali index.html.txt ya adana, burauza kuma ta nuna masa lambobinsa, wato alamomin HTML da ya rubuta, a zube. Ka sa kowa ya kunna nuna ƙarshen suna kafin a rubuta layi ko ɗaya. Na biyu ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye: in ba a sa layin da ke shaida wa burauza cewa tsarin haruffan UTF-8 ne ba, ɓ da ɗ da ƙ suna iya rikiɗewa su koma wasu alamomi marasa ma'ana. Ka sa su rubuta kalma mai ƙugiya, su cire layin, su mayar, su ga bambancin da idonsu. A nan ne kuma za a sa lang="ha" a saman shafi, don manhajoji su san harshen da aka yi rubutun.

Na huɗu shi ne wanda na fi damuwa da shi, wato yadda kai mai koyarwa za ka riƙe ajin. Rubuta lambobin a gabansu, layi bayan layi, su ma suna bi. Kada ka zo da shafin da ka gama a gida ka haska. In ka yi kuskure a bainar jama'a, bar shi a allo, ka tambaye su ina matsalar take. Ganin malami ya manta rufe alama, ya danna F12, maɓallin da ke buɗe kayan binciken burauza, ya duba, ya gyara, darasi ne babba, domin rabin aikin mai ƙera shafi neman kuskure ne. Sannan ka kafa wa kanka da mataimakinka doka: ba ku taɓa madannan ɗalibi. Na san akwai wuya. Kana tsaye a kansa, kana ganin waƙafin da ya rage, gyaran bai wuce daƙiƙa biyu ba. Amma da ka karɓi kwamfutar, shafin ya gyaru, shi kuwa yana nan inda yake. Nuna masa layin da yatsa, ka ce ya karanta da ƙarfi, ka jira.

Na biyar, CSS, bayan an huta. Launi, girman rubutu, tazara. Ɗalibai kan ruɗe da launuka, sai ka ga rubutu rawaya a kan fari. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafi ga masu nakasa, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara dokokin yanar gizo ta fitar, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma akwai shafukan da ke auna hakan nan take. A sa layin viewport don shafi ya zauna daidai a waya, a rage nauyin hotuna don kada su cinye wa mai karatu data, a kuma rubuta wa kowane hoto bayani a gurbin alt, saboda makafi masu sauraron shafi ta manhaja. JavaScript a bar shi sai wata bitar. Wanda ya tambayi WordPress, manhajar haɗa shafi ba sai an rubuta lambobi ba, wadda ta fito tun 2003, ka ce masa tana da amfani sosai, kuma abin da yake koya yau shi zai cece shi ranar da ta rikice masa.

Na shida, a ɗora. GitHub Pages yana karɓar irin wannan shafi kyauta. Yayin da ake jira ya fito, ka bayyana bambancin sunan yanki, wanda shi ne adireshi, da masauki, wato kwamfutar da fayilolin ke zaune a ciki. Ka kuma yi bayanin https: yana nufin an lulluɓe saƙon da ke tsakaninka da shafin, ba ya nufin mai shafin mutumin kirki ne.

Wannan zai kai ku ga sadarwa, kuma ka ware mata aƙalla awa guda. Kowa ya aika wa na kusa da shi imel ɗauke da adireshin shafinsa, da kanu mai faɗin abin da ke ciki. Nuna musu cewa duk wanda aka sa a CC kowa na ganin adireshinsa, na BCC kuwa a ɓoye yake, don haka saƙon taron jama'a ta BCC ake aika shi. Ka haska saƙon damfara na gwaji, a koyi duba ainihin sunan yankin da ke gab da alamar / ta farko bayan https:// kafin a danna. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunsa nan take, kana kallo. Kuma kada a ɗora hoton wani a shafi sai da izininsa.

Kai kuma mai halarta, ka buga kowane layi da yatsunka, kada ka kwafa ka manna. Ka riƙe littafi kana rubuta duk kuskuren da ya same ka da yadda aka warware shi. In an wuce ka, ɗaga hannu a take, don darasi na gaba a kan wanda ka rasa aka gina shi. Da ka koma gida, buɗe sabuwar folda ka sake gina shafin daga farko ba tare da leƙa na ajin ba.

Bayan mako guda, mai koyarwa ya aika wa kowa saƙo, ya ce a ƙara shafi na biyu, a haɗa shi da na farko, a turo adireshin. Waɗanda ba su turo ba, su za ka fara kira.