Yadda ɗan Kenya mai sana'ar kwamfuta zai samu kamfanin da zai tsaya masa kan bizar aiki

Bizar aiki bayan aiki take zuwa. Sai kamfani ya ɗauke ka, sannan ya tsaya maka a gaban hukumar shige da fice. Saboda haka mai rubuta manhaja a Nairobi ko Mombasa, kafin ya aika takardar neman aiki ko ɗaya, ya fara tabbatar da cewa kamfanin yana da izinin ɗauko ma'aikaci daga waje.

A Birtaniya wannan abu ne mai sauƙin dubawa. Gwamnati tana wallafa jerin kamfanonin da ke da lasisi a shafin gov.uk, kyauta. Ka nemi sunan kamfanin, ka duba ko lasisin nasa na ƙwararrun ma'aikata ne. In babu shi a jerin, kada ka ɓata wata biyu kana ganawa da su. Idan an ɗauke ka, kamfanin zai ba ka shaidar ɗaukar nauyi da ake kira CoS. Lamba ce kawai a kwamfuta, kuma dole ka nemi biza da ita cikin wata 3, in ba haka ba ta mutu. Tun daga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don wannan biza fam 41,700 ne a shekara, ko kuma abin da aka ƙayyade wa irin aikinka, duk wanda ya fi yawa. A nan mutane da dama ke faɗuwa: albashin ya haye adadin farko amma bai kai na sana'ar ba.

Akwai abubuwa biyu da ke yi wa 'yan Kenya ba-zata. Na farko gwajin tarin fuka, wanda ake yi a asibitin da Birtaniya ta amince da shi kaɗai, kuma takardarsa wata 6 take aiki. Na biyu Turanci. Ko da Turanci ka yi karatu tun firamare, Kenya ba ta cikin ƙasashen da aka yafe wa, don haka sai ka zauna jarrabawa ko Ecctis, mai tantance takardun karatu a madadin Birtaniya, ta tabbatar da cewa da Turanci ka yi digirinka. Ka kuma tanadi kuɗin kiwon lafiya, fam 1,035 kan kowace shekara, ana biya gaba ɗaya tun farko. Bizar shekara 3 ke nan fam 3,105, ban da kuɗin bizar kanta.

A ganinmu Jamus ta fi dacewa da wanda ya koyi sana'ar da hannunsa. Tun Nuwamban 2023 masanin kwamfuta marar digiri yana iya samun Shuɗin Kati na Tarayyar Turai, wato izinin zama da aiki na ƙwararru, muddin ya yi aikin shekara 3 cikin 7 da suka wuce, albashinsa kuma ya kai adadin da ake sabuntawa kowace shekara. Wannan gogewa sai da hujja: wasiƙa daga kowane wurin aiki, mai ɗauke da ranar farawa, ranar bari da ainihin abin da ka yi. Mai digiri ya duba jami'arsa a anabin, rumbun bayanan Jamus na tantance jami'o'in waje. Kenya da Jamus sun kuma sa hannu kan yarjejeniyar ƙaurar ma'aikata a Satumban 2024.

Amurka kuwa caca ce. Bizar H-1B ta ƙwararrun ma'aikata, sababbi guda 85,000 ake bai wa kamfanoni a shekara, ana rajista a watan Maris, sannan a yi ƙuri'a. Kada ka rataya shirinka a kanta.

Sai batun 'yan damfara, wanda ya fi damunmu. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya, ya sayar maka da CoS, ɓarawo ne, domin dokar Birtaniya ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Idan ta hannun dillali za ka bi, ka duba ko yana da rajista da Hukumar Samar da Aiki ta Ƙasar Kenya, wato NEA. Ka nemi takardar shaidar rashin laifi ta shafin eCitizen na gwamnatin Kenya da wuri, ka kuma tabbatar rubutun sunanka iri ɗaya ne a fasfo, digiri da kwantiragi.

Kafin ka sa hannu, ka karanta sharaɗin mayar da kuɗin tafiya idan ka bar aiki da wuri. A Birtaniya bizar tana ɗaure da kamfanin, in aka sallame ka yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani mai lasisi.