Yadda Za Ka Ga Ɗakunan Ajiya da Ƙwayoyin Sky130 Daga Tasha

Ɗalibanmu na injiniyan lantarki a nan Sakkwato sukan buɗe babbar manhajar zane don kawai su duba sunan ƙwaya guda (cell, ƙaramin tubalin da ake haɗa cip da shi), kwamfuta ta yi ta nishi, batiri na zuba. Tasha, wato terminal inda ake buga umarni a rubuce, ta isa wannan aikin. Misalina Sky130 ne, kayan zanen cip da Google da SkyWater suka saki kyauta a 2020.

Da farko shiga inda aka ajiye su ($PDK_ROOT ita ce foldar da ka girka kayan a ciki):

cd $PDK_ROOT/sky130A/libs.ref

Sai ka buga ls. Kowane suna da ya fito ɗakin ajiya ne (library), wato tarin ƙwayoyi. Wanda aka fi aiki da shi sky130_fd_sc_hd, mai cunkoson ƙwayoyi a ɗan ƙaramin fili.

Na biyu, fito da sunayen ƙwayoyin:

grep "^MACRO" sky130_fd_sc_hd/lef/sky130_fd_sc_hd.lef

Ƙara | wc -l a ƙarshe idan adadinsu kake so, ko | grep nand idan ƙofofin NAND (wani nau'in ƙwayar lojik) kaɗai kake nema.

Tsaya ka karanta sunan da kyau, don nan ilimin yake. A sky130_fd_sc_hd__nand2_1, lambar 2 na nufin ƙafafun shiga biyu, 1 kuma ƙarfin turawarta ne. Mai _4 ta fi ƙarfi, amma ta fi cin fili.

Na uku, leƙa cikin foldar sky130_fd_sc_hd/lib, inda bayanan saurin ƙwayoyin suke. Fayil mai tt_025C_1v80 yanayi ne na matsakaici: digiri 25, volt 1.8. Duk wanda ya taɓa bayan waya a zafin Afrilu na Sakkwato ya san 25 ba ta isa gwaji ba, don haka ka duba ss_100C_1v60 (yanayi mai jinkiri: digiri 100, volt 1.6) ma kafin ka amince da saurin zanenka.