Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Aljihu Mai Naɗewa

Da layyar bara ina tsakar fiɗa wuƙar da na saya a gefen titi ta naɗe min a yatsa, sai da aka yi min ɗinki. Ƙyallinta ne ya ja ni, ƙota kamar zinare, ashe makullin da ke hana ta naɗewa na banza ne. Don Allah ɗan uwa kafin ka ba da kuɗinka a kasuwar Sabon Gari ko Kurmi a nan Kano ka tsaya ka duba.

Fara da makulli tun kafin ka tambayi kuɗi. Buɗe ta gaba ɗaya, ka kama ruwan wuƙar ta baya ka girgiza hagu da dama, in ka ji tana ƙwas-ƙwas ajiye musu kayansu. Sannan ka kawar da yatsunka daga hanyar kaifin ka danna bayanta a jikin benci, mai kyau ko gezau ba za ta yi ba. In mai kaya ya hana ka gwadawa to akwai abin da yake ɓoyewa.

Sai ƙarfen, nan ne maganar take. Akwai baƙin ƙarfe wato kabon, akwai kuma sitenles. Kabon yana ɗaukar washi da wuri, ko a gindin kofin tangaran ka goga sai ya yi kaifi kamar aska, amma fa yana tsatsa, ka yanka lemun tsami ko albasa ka bar shi haka gobe za ka ga ya yi baƙi, dole kana gogewa kana ɗiga masa man gyaɗa. Sitenles bai damu da ruwa ba, sai dai shi ma hawa-hawa ne. In ka ga an rubuta lambar ƙarfe 3Cr13 a jikin wuƙar wannan na ƙasa ne, rake biyu za ka fere ya dakushe. 8Cr13MoV da 440C sun fi shi nesa ba kusa ba, D2 kuma, ko da yake ba cikakken sitenles ba ne, ya fi daɗewa da kaifi amma ranar washi za ka ji a hannunka. Wadda aka rubuta sitenles kawai babu lamba, ni dai ba na yarda da ita.

Okapi ita ce ta iyayenmu, mai zoben nan da ake ja a rufe. A Jamus aka fara yin ta a 1902, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ga arha ga sauƙin washi, amma jabunta ya cika kasuwa kuma ko orijina sai ka wasa ta kafin ta yi aiki.

Wadda nake riƙewa yanzu Opinel ce mai lamba 8, 'yar Faransa, kamfanin tun 1890 yake. Tsawon ruwanta santimita 8.5, ƙotar katako, da wani zobe a wuya da kake murɗawa ya kulle ta, ba sifirin balle ya karye. Siririya ce shi ya sa take shiga mangwaro da nama sumul. Aibinta ɗaya, da damina katakon yana kumbura ta ƙi buɗuwa, sai ka ƙwanƙwasa gindin ƙotar a tebur ta leƙo. Ka nemi tambarin hannu mai kambi a jikin ƙarfen.

Victorinox ta Suwizalan mai jar ƙota da almakashi da sukundireba ta ƙananan ayyuka ce, yawancinsu ba su da makulli, kar ka kai ta wajen rago. Buck 110 ta Amurka kuwa ƙarfi kam akwai, makullinta a baya yake, amma ta kai giram 200 tana jan aljihun kaftani ƙasa, kuma kuɗin ɗaya zai saya maka Opinel kamar uku. In kuɗin ba yawa Ganzo da Sanrenmu 'yan Sin ne masu suna kuma suna rubuta lambar ƙarfensu, sun fi waɗancan masu hoton damisa da ba a san mai su ba.

Sannan ka san halin da ake ciki a garin nan da maganar 'yan daba, in jami'an tsaro suka tare ka da dare suka laluba suka ji wuƙa bayani zai yi tsawo. Tawa a akwatin kayan aiki take kwana, sai za ni gona ko ranar yanka nake ɗaukar ta.