Auduga da wake a gona mai kanwa

Da rani ake gane irin wannan gona: farin ɓawo a saman ƙasa, a wasu wuraren ko ciyawa ba ta fita. Ni ba na shuka sai ruwa ya sauka sosai sau biyu ko uku, ya wanke gishirin ya tura shi ƙasa. Inda ruwa ke kwanciya, a fara haƙa masa hanyar fita, domin in ya bushe a nan gishirinsa zai bari.

Auduga tana da juriyar gishiri fiye da yawancin amfanin gona, amma sai ta yi ƙarfi. Lokacin tsiro ne take da rauni. Gishiri kuwa bin danshi yake yi ya hau, ya taru a kan tsinin kunya. Don haka kada ka sa gurya a can sama; sa ta a gefen kunya. Nakan ƙara iri a rami, bayan mako uku in rage in bar biyu. Irin SAMCOT na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru nake nema.

Taki ne ke cin mutane. Takin zamani shi ma gishiri ne, in ka zuba shi jikin iri ka ƙara wa tsiro wahala. Takin shanu da ya ruɓe sosai shi ne farko, tun kafin huɗa. Sai takin zamani na sufa, wanda nake fifitawa a nan saboda sinadarin jifsam da ke cikinsa yana sassauta ƙasar da kanwa ta ɗaure. Yuriya kashi biyu: bayan ragi, sai kuma dab da fure. Tona rami tazarar tafin hannu daga gindi, ka zuba, ka rufe. In ka bar ta a fili a ƙasa mai kanwa, iska ce za ta sha.

Wake sai auduga ta yi wata guda, don kada ya danne ta. Kunya biyu auduga, ɗaya wake, kuma a ɓangaren da gishiri bai yi yawa ba. Gyaɗa ba ta kai wake juriya ba, ba na sa ta. Wake ba ya buƙatar yuriya, sufa ta ishe shi.

In ka yi wa auduga feshi, maganin ya taɓa waken. Duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba kafin ka tsinki wake ko ka ba dabbobi harawa.